Za mu haɗa masai da sabuwar kwatar unguwa: me tarihin magudanan ƙazanta ya ce?

Sakataren Unguwa

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu, ɗaya daga cikin unguwannin da suka tashi a wajen ganuwar birnin Kano, kuma na zo ne da wata magana da ta raba kan dattawanmu gida biyu tun bayan daminar bara. Mun yi karo-karo mun tara kuɗin gina babbar kwata ta siminti wadda za ta kwashe ruwan layuka uku ta kai shi lambatun bakin titi, domin duk ranar da aka tafka ruwan sama sai ya kwanta a ƙofofin gidaje kwana biyu ko uku, masai su cika su tumbatsa, yara kuma su yi ta wasa a cikin ruwan.

Wasu daga cikin manyanmu sun kawo shawarar cewa tunda dai za a kashe kuɗi, a faɗaɗa kwatar, a zurfafa ta, a rufe samanta, sannan kowane gida ya ja bututu daga masai ko sokawe zuwa cikinta, mu huta da biyan masu motar yasa. Hujjarsu ita ce haka Turawa suka yi a Landan, kuma da haka suka rabu da kwalara. Wani daga cikinsu ma ya ce likitocin Ingila da bakinsu sun amsa cewa magudanan ƙazanta sun fi magani da allurar rigakafi ceton rayuka. Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa hankalinsu bai kwanta ba, amma sun kasa kawo dalili. An ɗora mini nauyin bincikowa kafin zaman da za a yi a ƙofar gidan mai unguwa. Ina roƙon masu sani su haska mini: yaya aka fara waɗannan magudanai, mene ne ainihin abin da ya kori kwalara daga Landan, kuma shin abin da muke shirin yi shi ne abin da suka yi?

Malamin Tarihi

Wa alaikumus salam, malam sakatare. Maganar likitocin Ingila tana da tushe. A shekarar 2007 mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta nemi masu karanta ta su zaɓi ci gaban da ya fi kowanne muhimmanci a fannin lafiya tun daga 1840, mutum sama da 11,000 suka kaɗa ƙuri'a, kuma samar da tsaftataccen ruwan sha tare da kawar da bayan gida ne ya zo na ɗaya, a gaban magungunan kashe ƙwayoyin cuta da allurar barci ta tiyata da rigakafi. Sai dai ka lura cewa abu biyu aka haɗa a wuri ɗaya, ruwa da bayan gida, kuma dukkan tarihin yana cikin raba tsakaninsu ne.

Gina magudana tsohon abu ne. A Mohenjo-daro, wani kufai da ke Pakistan ta yau, an tono gidaje masu makewayi da kwatoci na jan bulo rufaffu waɗanda aka gina wajen shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Rumawa ma suna da babbar magudanarsu, Cloaca Maxima, wadda aka fara wajen shekara 600 kafin haihuwarsa domin tsotse fadamar tsakiyar birni zuwa kogin Tiber. Amma da masana suka binciki ƙasar tsofaffin masai na zamanin Rumawa, sun tarar ƙwayayen tsutsar ciki ba su ragu ba duk da waɗannan gine-gine. Ba zan daɗe a nan ba, Landan ce ta shafe ku.

A farkon ƙarni na 19 gidajen Landan rami suke da shi a ƙarƙashin gida ko a bayansa, kusan irin namu, kuma an ƙiyasta yawan ramukan ya kai 200,000. Masu yasa kan zo da dare su kwashe su sayar wa manoma a matsayin taki. Magudanan da ke birnin na ruwan sama ne, har ma kafin 1815 doka ta hana zuba ƙazantar gida a cikinsu. Sai birnin ya kumbura, daga mutum kusan miliyan ɗaya a 1801 zuwa sama da miliyan biyu a 1851, gonaki suka yi nisa, kuɗin yasa ya hau, masu hali kuma suka fara saka masai na zamani mai kora da ruwa, wanda ke cika ramin cikin ƙanƙanin lokaci. Masana na wancan zamani, ciki har da Edwin Chadwick wanda ya rubuta shahararren rahoton 1842 kan halin tsaftar ma'aikata talakawa, sun yi imani cewa wari ne ke kawo cuta. Saboda haka hukumar magudanai da aka kafa a 1848 ta sa aka riƙa cike ramukan gidaje ana haɗa masai da magudanan ruwan sama, domin a nisanta wari daga hancin mutane. Magudanan nan kuwa a kogin Thames suke ƙarewa, cikin tsakiyar gari, inda kamfanonin ruwa da dama ke ɗibar ruwan da suke tura wa jama'a. An gudu ba a tsira ba. Annobar kwalara ta 1848 zuwa 1849 ta kashe mutum sama da 14,000 a Landan, ta 1853 zuwa 1854 kuma ta kashe sama da 10,000.

Malam sakatare, wannan mataki na 1848 shi ne ya fi kama da shawarar dattawanku, ba wanda ya biyo baya ba.

Likita ɗaya, John Snow, ya ƙi yarda da zancen wari, ya ce cutar da ke fara aiki a ciki ta baki take shiga. A ƙarshen watan Agusta na 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho, ta kashe kusan mutum 500 cikin kwana goma. Snow ya bi gida-gida yana rubuta inda mamatan suke zaune da ruwan da suke sha, sai ya ga sun taru ne kewaye da famfon tuƙa-tuƙa na titin Broad. Ma'aikatan wata masana'antar giya da ke kan titin ba su kamu ba domin ba sa shan ruwan famfon, gidan gajiyayyu mai mutum 535 da ke da rijiyarsa ya rasa mutum biyar kacal, alhali wata bazawara da ke zaune nesa a Hampstead, wadda ake kai wa ruwan wannan famfo saboda ta fi son ɗanɗanonsa, ta mutu. An cire hannun famfon a ranar 8 ga Satumba. Daga baya wani malamin coci na unguwar, Henry Whitehead, wanda da farko ya shiga binciken ne da niyyar ƙaryata Snow, ya gano cewa wata jaririya a gida mai lamba 40 ce ta fara ciwon, mahaifiyarta ta wanke ƙyallayenta ta zuba ruwan a ramin masai, tsakanin ramin da rijiyar kuwa bai kai mita ɗaya ba. Hujjar Snow da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta kudancin birnin, inda kamfanoni biyu ke ba gidajen layi ɗaya ruwa: kamfanin Lambeth ya mayar da wurin ɗibar ruwansa can saman kogi a 1852, kamfanin Southwark da Vauxhall kuma ya ci gaba da ɗiba a Battersea. A cikin kowane gida 10,000, mutum 315 suka mutu a ɓangaren na biyun, 37 a ɓangaren na farkon.

Duk da haka hukuma ba ta karɓi maganarsa ba, kuma ya rasu a watan Yunin 1858. Abin da ya motsa gwamnati shi ne hancin 'yan majalisa. A bazarar wannan shekara zafi ya tsananta, kogin ya ragu, ɗoyi ya cika ginin majalisa da ke bakin ruwa har aka riƙa jiƙa labule da sinadari ana rataya a tagogi. Cikin kwana 18 aka zartar da dokar da ta ba da damar cin bashin fam miliyan 3, aka damƙa aikin a hannun injiniya Joseph Bazalgette. Abin da ya yi shi ne gina manyan magudanai masu tsawon kusan kilomita 132 da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da kogi daga yamma zuwa gabas, suna tare tsofaffin magudanai kafin su isa ruwa, su kai ƙazantar can ƙasan gari, Beckton da Crossness, inda ake sakinta lokacin da ruwan teku ke janyewa. An haɗa da ƙananan magudanan tituna kusan kilomita 1,800, aka cinye bulo miliyan 318. A 1866 kwalara ta dawo ta kashe mutum sama da 5,500, akasarinsu a gabashin birni inda ba a kammala aikin ba, kuma inda wani kamfani ya tura wa mutane ruwan da ba a tace ba. Ita ce annobar kwalara ta ƙarshe a Landan. An gina magudanan ne don korar wari, amma suka ceci mutane domin sun ɗauke bayan gida daga inda ake ɗibar ruwan sha.

Tsohon Duba-Gari

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Sai dai ni a ganina, ɗana sakatare, ba sai ka kai dattawanka Landan ba kafin su gane, domin labarin rijiyar titin Broad na gan shi da idona sau da yawa a cikin shekarun da na yi ina aikin duba-gari, kuma yana nan a bayan katangar kusan kowane gida a unguwanninmu.

Kakanninmu ba su san ƙwayar cuta ba, amma tsarin gidansu yana da hikima. Gida yana da fili, ana haƙa masai can ƙuryar baya, rijiya tana tsakar gida ko kusa da zaure, idan masai ya cika a rufe shi da ƙasa a haƙa wani, bayan shekaru abin da ke ciki ya zama baƙar ƙasa. Shara da toka da kashin dabbobi kuma jakuna ke fita da su zuwa gonakin karkarar Kano da rani, su dawo da itace. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ne ke shanye ruwan damina. Abin da ya ɓata lissafi shi ne cunkoso. Gidan da mutum ɗaya ya gina an raba shi gado gida huɗu, kowa ya ja katanga ya haƙa nasa masai da tasa rijiya, sai ka tarar da ƙuryar bayan wani ita ce tsakar gidan maƙwabcinsa. Kududdufai kuma an cike su da shara an yanka filaye an yi gini, ruwan da suke riƙewa ya rasa inda zai je sai ƙofar gidanku. Famfo ya shigo Kano tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da aka gina gidan ruwa a Challawa, amma garin ya yi ta girma ya bar bututu a baya, mutane suka koma wa rijiya da 'yan garuwa.

A lokacinmu muna shiga unguwa da safe mu duba ko masai yana da murfi, mu leƙa randa ko akwai tsutsar sauro, mu zaga mahauta da wuraren masu tuwo-tuwo, abokan aikinmu mata kuma su shiga cikin gidajen da ba ma iya shiga. Wanda aka samu da laifi a yi masa gargaɗi, idan ya ƙi a kai shi gaban alƙali. Ba zan ɓoye ba, jama'a ba su ƙaunace mu ba, kuma a cikinmu akwai waɗanda suka mayar da aikin hanyar karɓar na goro, wannan ma yana cikin abin da ya zubar da kwarjinin aikin. Share gari na Asabar ɗin ƙarshen wata da ya samo asali daga mulkin soja na Buhari da Idiagbon yana da amfaninsa, amma shara ake kwashewa daga kwata a jibge a bakinta, babu mai tambayar nisan masai da rijiya.

Akwai wata ɗabi'a da na fi yaƙa fiye da kowacce, ita ce ta masu jiran hadari ya haɗo su buɗe sokawe su saki abin da ke ciki a kwata, wai ruwa zai tafi da shi. Hausawa sun ce kada ganin hadari ya sa ka yi wanka da kashi, to waɗannan maƙwabtansu na gangare suke yi wa wankan. Shawarar dattawanku ita ce a mayar da wannan ɗabi'a ta zama ta kullum, da siminti. Ka tuna musu kuma cewa Manzon Allah (SAW) ya yi gargaɗi kan yin bayan gida a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, ya kuma hana fitsari a ruwan da ba ya gudu. Limamin unguwarku ya fi ni sanin wannan, ka sa shi a zaman.

Injiniyar Ruwa

Baba duba-gari, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Zan ɗora a kan maganarka ta fuskar aikina, sannan in ƙara wa malam misali ɗaya da nake ganin ya fi na Landan tsoratarwa.

Birnin Hamburg na Jamus yana cikin biranen Turai na farko da suka sami magudanan ƙazanta na zamani, domin bayan gobarar 1842 injiniya William Lindley ya tsara musu su. Amma birnin ya ci gaba da shan ruwan kogin Elbe ba tare da tacewa ba, kogin da magudanan ke zuba a ciki. A 1892, shekaru bayan masanin Jamus Robert Koch ya riga ya nuna ƙwayar kwalara a bincikensa na Masar da Kalkata, annoba ta kashe mutum kusan 8,600 a Hamburg. Garin Altona da ke manne da shi, wanda ke ɗibar ruwa a ƙasan kogin bayan ƙazantar Hamburg ta shiga, ya tsira da ƙaramar asara saboda yana tace ruwansa ta cikin yashi. Ke nan shekara hamsin na mallakar magudana ba su hana komai ba, tunda ba a kula da inda bakin magudanar yake ba. Sauran gyaran daga baya ya zo: zuba kulorin a ruwan gari a kai a kai, wanda birnin Jersey City na Amurka ya fara a 1908, da hanyar tace ƙazanta ta hura mata iska domin ƙananan halittu su cinye dattin, wadda Ardern da Lockett suka fito da ita a Manchester a 1914.

Yanzu ga bambancin da ya kamata ka kai wa zaman. Kwata an yi ta ne don ruwan sama, tana da faɗi da shimfiɗaɗɗen gindi, ta cika na awa biyu sannan ta bushe. Magudanar ƙazanta kuwa rufaffen bututu ne mai gangara da aka auna, wanda ke buƙatar ruwa ya riƙa bi ta cikinsa kullum da ƙarfin da zai tura abin da aka zuba, shi ya sa Bazalgette ya yi wa magudanansa na tituna siffar ƙwai, tsukakken gefen yana ƙasa, domin ko ruwa kaɗan ne ya yi gudu. Gidan da ke sayen jarka daga 'yan garuwa, ana shiga bayi da buta ɗaya, ba ya fitar da ruwan da zai yi wannan aiki. Daga Oktoba zuwa Mayu abin da kuka zuba zai kwanta a ƙarƙashin murfin, ya haɗu da leda da yashi ya toshe, ruwan farko na damina kuma ya ɗago shi ya watsa a layi. Akwai haɗari na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba. Ƙananan bututan famfo a unguwanninmu sukan ratsa ta cikin kwata, da yawansu a fashe an ɗaure da roba. Lokacin da aka ɗauke ruwa, bututun da babu komai a cikinsa yakan zuƙo ruwan da ke kewaye da shi, idan an dawo da ruwa kuma wannan ne zai fara zuba a bokitinka.

Na uku, ka bi lambatun bakin titin nan da ƙafa ka ga inda ya ƙare. Ruwan unguwanni da yawa na Kano yana gangarawa ne cikin Jakara, ya wuce har dam ɗin Wasai, kuma a kan hanya masu lambu na ban ruwan latas da kabeji da karas da shi, kayan da ake ci ɗanye a gidanku. Ko a Abuja, inda ake da matatar ƙazanta a Wupa, ba dukkan birnin ne ke haɗe da ita ba. Babu Beckton da ke jiran ku a ƙarshen layi.

Ba ina cewa talakawa ba za su iya gina magudana ba. A Orangi, wata babbar unguwar talakawa a Karachi, tun daga 1980 Akhtar Hameed Khan da abokan aikinsa suka koya wa mazauna kowane layi su tara kuɗi su shimfiɗa ƙaramin bututu da hannunsu, dubban layuka suka yi haka. Amma bututu ne na musamman ba kwata ba, akwai ƙaramin rami mai tare datti tsakanin kowane gida da bututun, kuma su ma sun daɗe suna fama da rashin babbar magudana da matata daga gwamnati. Shawarata ita ce ku gina kwatarku don ruwan sama da na wanka kaɗai, ku rubuta a yarjejeniya cewa ba a haɗa masai da ita, a ɗaga bakin kowane masai sama da inda ambaliya ke kaiwa, sannan ku yi ciniki da mai motar yasa ɗaya a matsayin ƙungiya kafin faɗuwar damina, domin kuɗin zai sauka idan gida ashirin ne a jere. Ku kuma tambaye shi inda yake juyewa, wani ya bi shi sau ɗaya ya gani.

Ma'aikaciyar Jinya daga Maradi

Ina gaishe da iyaye da malamai. Ni ba ni da ilimin gini, amma na yi aiki a tantin masu amai da gudawa a 2021, shekarar da cutar ta kama ɓangarorin iyaka biyu. A Najeriya hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zargin sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. Mu ma a Maradi mun karɓi namu rabon, domin kasuwa ɗaya muke ci, biki ɗaya muke zuwa. Wanda bai taɓa ganin babban mutum ya zube cikin awa shida ba, idanu sun faɗa, fata ta tattare, gudawa na fita fara kamar ruwan wankin shinkafa ta ramin da aka huda a tsakiyar gado, ba zai gane dalilin da ya sa mutane suke tsoron wannan cuta ba. Maganinta kuwa mai sauƙi ne idan an zo da wuri, ruwan gishiri da sukari ko ƙarin ruwa ta jijiya.

Abin da ya tsaya mini a bayanin malam shi ne jaririyar nan da ruwan wankin ƙyallayenta. Har yau mata da yawa suna ɗaukar kashin jariri ba najasa mai cutarwa ba ne, sai a wanke wando a tsakar gida kusa da rijiya, ko a juye fo a kwatar ƙofar gida, alhali cikin yaro ne ya fi ɗaukar ƙwayoyin gudawa. Malam sakatare, duk dokar da za ku kafa a ƙofar gidan mai unguwa, idan ba ta shiga cikin gida ta isa kunnen matan da ke wannan aiki ba, rabinta kawai aka yi. Ku nemi ungozoma da malamar Islamiyya su kai saƙon. Kuma kada a tsaya kan kwalara kaɗai don ita ce mai ban tsoro. Taifot da tsutsar ciki da shan inna duk ta wannan hanya suke bi, haka ma gudawar da ke kama yaro sau da yawa a shekara har ya tsumbure, wadda babu mai kiranta annoba domin a hankali take ci.

Sakataren Unguwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar ni da matasa biyu muka ari igiyar awo ta magina muka zaga layinmu da izinin masu gida. Na taɓa jin ana cewa ya kamata tsakanin masai da rijiya ya kai mita 30, amma ba mu sami rijiya ko ɗaya da ta cika wannan ba. Ta gidanmu ma taku tara ne tsakaninta da masan maƙwabcinmu, katanga ce kawai ta hana mu gani duk shekarun nan. Mun kuma bi lambatun kamar yadda injiniya ta ce, muka same shi a toshe da leda tun kafin ya bar unguwa. Maganar haɗa masai da kwata ina ganin za ta mutu a zaman, amma yanzu wata ta taso: rijiyoyin nan ba su ɗaukuwa, masai ma haka, kuma ba kowa ke da kuɗin sayen ruwa kullum ba. Yaya za mu yi da su?

Tsohon Duba-Gari

Ɗana, mita 30 ɗin da ka ji daidai ne, shi ne ma'aunin da aka saba bayarwa, tare da cewa gindin ramin masai ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke tsayawa. A cikin gari mai cunkoso ba za ku same shi ba, saboda haka ku raba ruwan gida biyu. Rijiyar da ke kusa da masai a bar ta don wanki da wanka da share tsakar gida, a gina mata baki mai tsayi da daɓen siminti kewaye da murfi, a kuma rataye guga a sama maimakon a yar da ita a ƙasa. Ruwan sha da na girki da na wanke kayan miya kuwa, ko daga ina ya fito, ko daga rijiyar burtsatse ne, a tafasa shi ko a sa masa kulorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar ko ƙwayar, a jira rabin awa, a ajiye shi a mazubi mai ƙaramin baki wanda moɗa da hannu ba sa shiga.

Idan kuɗin kwata ya yi saura, ku je sashen lafiya na ƙaramar hukumarku ku nemi jami'in tsaftar muhalli ya zo ya nuna muku rijiyoyin da suka fi haɗari, a fara da su. Ka ɗauki igiyar nan ka tafi da ita zaman, ka roƙi dattijon da ya kawo misalin Landan a fara awon daga gidansa.